Yahudawa da Roma nawa Romaniya ta kora zuwa Transnistriya, kuma wa ya ƙirga su?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin tarihi ne, ina shirya rubutu a kan Yaƙin Duniya na Biyu. Na karanta cewa Romaniya ta kori Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma zuwa wani yanki da ake kira Transnistriya. To amma wani wuri na ga 118,000, wani wuri 150,000, wani wuri kuma har 380,000. Wani abokina ya ce tunda alƙaluman sun saɓa wa juna, duk maganar ƙirƙira ce. Don Allah wanne ne daidai? Kuma wa ya tsaya ya ƙirga mutane ana tsakiyar yaƙi?"

Ɗan'uwa, alƙaluman nan uku da ka gani duk suna da tushe, sai dai kowanne abin da yake ƙirgawa daban ne. Na farko adadin waɗanda jandarmomin Romaniya suka rubuta sun ƙetarar da su kogi ne a ƙarshen 1941. Na biyu ƙiyasin dukan Yahudawan da aka kora ne a 1941 da 1942. Na uku kuwa ba na korarru ba ne sam, ƙiyasi ne mafi girma na Yahudawan da suka mutu a duk inda hukumar Romaniya ke iko, har da waɗanda ba a taɓa korarsu daga ko'ina ba, a garuruwansu aka same su aka kashe. Abin da kake son sani ke nan: daga ina kowane adadi ya fito, me ya shiga cikinsa, me ya zube a hanya. Amsar rabin tambayarka ta biyu kuma mai nauyi ce: waɗanda suka yi korar su ne suka fara ƙirgawa.

Kafin mu shiga lissafi, ga ƙasar da ake magana a kanta. A ƙidayar 1930, Romaniya na da Yahudawa 756,930 idan aka bi addini, da kuma 'yan Roma 262,501. Su Roma al'umma ce da asalinta ya fito daga arewacin Indiya, ta bazu a Turai tun ƙarnuka da dama, ba ta da alaƙa da birnin Rum, kuma kamannin sunanta da na Romaniya dacewa ce kawai. A 1940 ƙasar ta tsattsage. A watan Yuni Tarayyar Sobiyet ta karɓe Besarabiya da arewacin Bukobina, a watan Agusta aka miƙa arewacin Transilbaniya ga Hangari. A watan Satumba Janar Ion Antonescu ya hau mulki ya jingina da Hitila. Da Jamus ta afka wa Sobiyet ranar 22 ga Yunin 1941, sojojin Romaniya na tare da ita. Suka ƙwato Besarabiya da Bukobina, sannan Jamus ta bar musu wani yanki na Yukiren tsakanin Kogin Dniester da Kogin Bug su mulka. Shi ne Transnistriya, kuma gwamnansa shi ne Gheorghe Alexianu. Kada ka haɗa shi da ɗan siririn yankin Moldoba da ke ɗauke da wannan suna a labarun yau. Na lokacin yaƙi ya fi shi girma nesa ba kusa ba, har birnin Odesa na cikinsa.

Can Antonescu ya yanke shawarar zuba mutanen da ba ya so.

Ƙidayar bakin kogi

Adadin 118,847 ya fito ne daga rahoton jandarmomi, kuma a rarrabe yake bisa mashigan da aka bi da mutane: 55,913 ta Mogilev, 35,276 ta Yampol, 24,570 ta Rabnita, 2,216 ta Iasca, 872 ta Tiraspol. Ka ɗauki biro ka haɗa su, za ka ga sun ba da 118,847 cif. Wannan ba takardar farfaganda ba ce, ba kuma ta masu neman diyya ba. Ma'aikaci ne ke gaya wa na sama da shi cewa ya cika aikin da aka ba shi. Babu abin da zai ci idan ya ƙara, domin gwamnan ɗaya gefen kogin shi ma yana rubuta abin da ya karɓa. Shi ya sa masana suka ɗauki wannan adadi a matsayin ƙasa: an kori aƙalla haka, ba za a sauko ƙasa da shi ba.

Amma ka tambayi kanka, ina mai ƙirgawar ya tsaya? A bakin gada, ko a wurin fito. Wanda ya iso nan da ransa shi ya shiga littafi. Wanda bai iso ba fa?

Nan ne maganar take. Tun a watan Yuli da Agustan 1941, kafin a tsara korar, sojoji da jandarmomin Romaniya tare da wata rundunar kisa ta Jamus da ake kira Einsatzgruppe D sun bi ƙauyukan Besarabiya da Bukobina suna harbe Yahudawa kan mai uwa da wabi. Waɗanda suka rage aka tara su. A watan Agusta aka tura dubbai zuwa hayin kogi ba tare da wani shiri ba, Jamusawan da ke can suka ce ba sa so, suka harbe wasu suka maido da sauran. Mutane suka yi makonni ana kai su ana komowa da su a ƙafa, ba abinci. Daga nan aka cusa su a sansanonin jira irin su Vertujeni, Marculesti, Edinet da Secureni, da kuma killatacciyar unguwa a birnin Chisinau, inda yunwa da gudawa suka yi ta ɗauke yara da tsofaffi. Da kaka ta shigo aka fitar da su ayari-ayari zuwa kogi, mafi yawansu a ƙafa. Shaidun da jami'an da suka raka ayarin suka bayar sun nuna an ba da umurni a haƙa rami a gefen hanya duk bayan kilomita 10, a harbe duk wanda ya kasa tafiya a jefa shi ciki. Tsohuwar da ta faɗi a kilomita na 30 an kore ta daga gidanta, babu shakka, amma ba ta cikin 118,847.

Na kudancin Bukobina, wato garuruwan Suceava, Radauti da Campulung, da jirgin ƙasa aka kwashe su daga ranar 9 ga Oktoban 1941, a taragun dabbobi, zuwa Atachi da ke fuskantar Mogilev. Wannan rana ce Romaniya ta ware yanzu don tunawa da abin da ya faru. Na gundumar Dorohoi suka bi baya a watan Nuwamba. A birnin Cernauti an killace Yahudawa kimanin 50,000, amma magajin garin, Traian Popovici, ya dage har ya samo izinin barin kusan 20,000 da hujjar cewa birnin ba zai tafi ba idan babu masu sana'a. Duk da haka a watan Yunin 1942 aka sake kwashe kimanin 4,000 daga cikinsu. An kuma ƙara da wasu ƙananan rukuni daga cikin tsohuwar Romaniya, wato sassan ƙasar da ba a ƙwace mata ba a 1940, waɗanda aka zarga da kwaminisanci ko da ƙin zuwa aikin tilas. Duk waɗannan na 1942 sun zo ne bayan an rufe rahoton da ka gani.

Idan aka ɗora na 1942, aka ɗora waɗanda aka ƙetarar tun farko kafin a fara rubutawa, aka kuma lissafa waɗanda suka zube a hanya, sai adadin ya hau. Masana biyu da suka fi kowa daɗewa a kan waɗannan takardu, Radu Ioanid da Jean Ancel, sun tsaya a wurare biyu: na farko wajen 154,000, na biyu wajen 170,000. Tazarar da ke tsakaninsu ba rigima ba ce a kan ko abin ya faru. Hukunci ne a kan takardun da suka yi karo da juna: shin ayarin da aka tura aka maido aka sake turawa an ƙirga shi sau biyu? Shin wanda ya mutu a sansanin jira za a sa shi cikin korarru ko cikin waɗanda aka kashe kafin kora? Ni a nawa ganin, wanda aka fitar daga gidansa da bindiga aka nufi kogi da shi korarre ne ko bai ga ruwan ba, don haka na fi karkata ga adadi na sama. Amma wanda ya zaɓi na ƙasa ya faɗi dalilinsa bai yi laifi ba.

Hanya ta biyu: ɗebewa

Masanin tarihi ba ya yarda da takarda ɗaya sai ya sami wata hanya dabam da za ta gwada ta. Hanyar ita ce a ɗauki yawan mutane kafin abin, a ɗebe waɗanda aka samu bayan abin, a ga me ya ɓace. A faɗe da sauƙi, a aikace da wuya. Ƙidayar da ake da ita ta 1930 ce, shekara 11 kafin korar, sai an yi ƙiyasin haihuwa da mutuwa da ƙaura a tsakani. Sannan yankunan sun yi shekara guda a hannun Sobiyet. A cikin wannan shekara wasu Yahudawa sun ƙaura daga tsohuwar Romaniya zuwa can, a tsakiyar Yunin 1941 kuma 'yan sandan Stalin sun kwashe dubban mutane zuwa Saiberiya, cikinsu har da Yahudawa masu yawa. Da yaƙi ya ɓarke an ɗauki samari aikin soja, iyalai da dama kuma sun gudu gabas tare da sojojin da ke ja da baya. Wasu sun tsira har Uzbekistan, wasu Jamusawa sun cim musu a hanya. Wannan rukuni na masu gudu shi ne mafi wuyar ƙiyasi a duk lissafin, kuma shi ne ke faɗaɗa tazara.

A ɗaya ƙarshen kuwa akwai adadi mai ƙarfi. Ranar 1 ga Satumban 1943 hukumomin Romaniya suka ƙirga korarrun da ke raye a Transnistriya suka sami 50,741. Ka ɗebe wannan daga 154,000 ko daga 170,000, za ka faɗa tsakanin 103,000 da 119,000, kuma wannan ya yi kusa da ƙiyasin 105,000 zuwa 120,000 da ake bayarwa na korarrun da suka mutu. Wato cikin kowane mutum uku, biyu ba su dawo ba. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Sanyin hunturun 1941 zuwa 1942 ne, da yunwa, da zazzaɓin taifus da kwarkwata ke yaɗawa, a garuruwa irin su Mogilev, Shargorod da Bershad, inda aka cusa mutane a rusassun gidaje da turakun dabbobi. A Bershad gawawwaki sun taru a maƙabarta don ƙasa ta daskare ba a iya haƙa kabari. A sansanin Vapniarka an ciyar da fursunoni wani irin wake na dabbobi da ke shanye ƙafafu, ɗaruruwa suka gurgunce.

To ina 380,000 ya fito? A 2003 gwamnatin Romaniya ta fitar da wata sanarwa da ke musanta cewa an yi kisan ƙare dangi a cikin iyakokinta. Surutun da ya biyo baya ya sa Shugaba Ion Iliescu ya kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Elie Wiesel, wanda shi kansa daga garin Sighet aka kwashe shi yana yaro a 1944. Rahoton kwamitin na Nuwamban 2004 ya ce Yahudawa tsakanin 280,000 da 380,000 ne suka mutu ƙarƙashin ikon Romaniya, ya kuma rarraba su: 45,000 zuwa 60,000 da aka kashe a Besarabiya da Bukobina a 1941, 105,000 zuwa 120,000 daga cikin korarru, aƙalla 15,000 a tsohuwar Romaniya, galibinsu a kisan birnin Iasi na ƙarshen Yunin 1941, sai 115,000 zuwa 180,000 na Yahudawan Yukiren 'yan asalin Transnistriya. Ka lura da na ƙarshen nan, shi ne ya fi kowanne faɗin tazara. Su ne mutanen Odesa da aka rataye aka harbe aka ƙona a watan Oktoban 1941 bayan bam ya tashi a hedikwatar sojan Romaniya, da waɗanda aka tura gundumar Golta, inda a Bogdanovka kaɗai aka kashe fiye da 40,000 daga ƙarshen Disambar 1941. Ba wanda ya rubuta sunayensu, kuma ba a san takamaimai nawa ne suka gudu daga Odesa ta teku kafin birnin ya faɗi ba.

Akwai kuma rukunin da ba ya cikin wannan jimilla ko kaɗan: Yahudawan arewacin Transilbaniya, kimanin 135,000 da suka mutu, waɗanda Hangari ce ta kwashe su zuwa sansanin kisa na Jamus da ke Auschwitz a 1944. Wasu marubuta suna haɗa su don a da 'yan Romaniya ne, wasu suna cire su don ba Antonescu ne ya kore su ba. Daga nan ma kaɗai littattafai biyu za su saɓa da fiye da 100,000 alhali ba wanda ya yi ƙarya.

Roma

Mutane kan ɗauka cewa alƙaluman Roma duk hasashe ne. A faɗin Turai akwai gaskiya a ciki, domin ƙiyasin waɗanda aka kashe yana yawo ne tsakanin 220,000 da 500,000. Amma a Romaniya abin ya juye: adadin Roma da aka kora ya fi na Yahudawa tabbata, saboda an yi shi ne a 1942, daga cikin ƙasa, da jerin sunaye da aka shirya tun kafin a taɓa kowa.

Ranar 25 ga Mayun 1942 'yan sanda da jandarmomi suka gudanar da ƙidaya ta musamman ta Roma da hukuma ta kira masu matsala. Suka rubuta 40,909: masu yawo 9,471, da mazauna gari 31,438 da aka ce suna da tarihin laifi ko ba su da tsayayyar sana'a. Aka fara da masu yawo. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta aka tasa ƙeyarsu cikin kekunan dokinsu, jandarmomin wannan gunduma su miƙa su ga na gaba, har Dniester. Jimillarsu 11,441: maza 2,352, mata 2,375, yara 6,714. Ka dubi wannan adadin na ƙarshe da kyau. Fiye da rabin waɗanda aka kira barazana ga ƙasa yara ne.

Sai mazauna gari, tsakanin 12 da 20 ga Satumba, cikin jiragen ƙasa 9. An tsara kwashe 12,497 a zagayen farko, amma aka kwashi 13,176. Haɗa rukunin biyu ka sami 24,617, ƙara da ƙananan rukunin da suka biyo baya ka kai kimanin 25,000. A watan Oktoba gwamnati ta dakatar da korar, ta Roma da ta Yahudawa baki ɗaya, shi ya sa sauran mutanen da ke kan jerin suka tsira, kamar yadda Yahudawan tsohuwar Romaniya kusan 300,000 suka tsira daga shirin da aka yi na miƙa su ga Jamus.

Abu biyu a cikin waɗannan lambobi sun cancanci ka tsaya a kansu. Na farko, an ƙirga masu yawo 9,471 amma an kori 11,441. Ƙidayar yini ɗaya ba ta kama mutanen da ba su da tsayayyen mazauni, sai da aka fara farautarsu sauran suka bayyana. Na biyu, 679 da suka ƙaru a kan jerin mazauna gari. Binciken da masanin tarihi Viorel Achim ya yi a takardun jandarmomi ya nuna yadda hakan ta faru. Akwai jarirai da ba a rubuta ba. Akwai 'yan'uwa da suka ƙi rabuwa da nasu suka shiga tarago da kansu. An baza jita-jitar cewa za a raba gonaki a can, wasu suka yarda. Akwai kuma inda wanda ke kan jerin ya ɓuya, jandarma ya damƙe wanda ya samu don ya cika adadi. Har iyalan sojojin da ke bakin daga suna yi wa Romaniya yaƙi an kwashe, kuma takardun koken da waɗannan sojoji suka rubuta suna nan a ma'ajiyar takardu. Ma'ana ko inda adadi ya zauna daram, mutanen da ke cikinsa ba lallai su ne waɗanda sunansu ke kan takarda ba.

Da aka kai su, aka ƙwace dawaki da kekuna, waɗanda su ne gidansu kuma su ne sana'arsu. Aka zube su a gundumomin Golta, Oceacov, Berezovca da Balta, kusa da Kogin Bug, wasu a gidajen da aka fitar da 'yan Yukiren, wasu a ramukan da suka haƙa da hannunsu. Hunturun 1942 zuwa 1943 ya yi musu abin da na baya ya yi wa Yahudawa. Ƙiyasin da kwamitin Wiesel ya amince da shi shi ne kimanin 11,000 sun mutu, kimanin 14,000 sun tsira. A nan ƙafar lissafin ba ta kai ta korar ƙarfi ba, domin da yawa sun sulale sun gudo gida tun kafin ƙarshe, sauran kuma sun dawo a ƙafa a bazarar 1944 cikin ruɗanin ja da bayan sojoji, ba wanda ya tsaya a bakin kogi yana ƙirga masu dawowa. A tsofaffin littattafai za ka ci karo da 36,000 a matsayin Roma da suka mutu a Romaniya. Wannan ya zarce adadin waɗanda takardu suka nuna an kora gaba ɗaya, don haka kada ka yi amfani da shi.

Me ya sa na wasu ƙasashe ya fi tsafta

Idan ka kwatanta da Faransa za ka ga bambanci. Can kowane jirgi da ya tashi yana da jerin sunaye da aka buga da tafireta, shi ya sa lauya Serge Klarsfeld ya iya tattara sunayen korarru sama da 75,000 ɗaya bayan ɗaya. A Hangari wakilin Jamus ya aika rahoton kwashe Yahudawa 437,402 tsakanin tsakiyar Mayu da farkon Yulin 1944, jami'in jandarmomin Hangari ya rubuta 434,351. Mutum biyu, littafi biyu, tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A Besarabiya kuwa ƙafa ce da laka da jandarmomin da ke karɓar zobe su bar mutum ya sha ruwa. Bayan yaƙi an yi wa Antonescu shari'a, aka harbe shi ranar 1 ga Yunin 1946 tare da Alexianu da wasu biyu, daga nan gwamnatin kwaminisanci ta kulle takardun ta ɗora komai a kan Jamusawa. Sai bayan 1989 aka fara buɗe ma'ajiyun Bukarest, Chisinau da Odesa. Aikin da Faransa ta fara tuntuni, nan a makare aka fara shi, lokacin shaidu da yawa sun riga sun rasu. Na Roma ya fi muni, don yawancinsu ba su bar wasiƙu ko littafin tunawa ba, kuma an daɗe ba wanda ya je ya tambaye su.

Game da maganar abokinka: ka ce masa ya duba yadda alƙaluman suka motsa da kuma wa ya motsa su. Misalin da masu musu suka fi so shi ne Auschwitz, inda Sobiyet ta ce miliyan 4 ne suka mutu, daga baya aka koma kimanin miliyan 1.1. Wanda ya sauko da adadin masanin tarihi ne na gidan tarihin Auschwitz ɗin kansa, Franciszek Piper, ta hanyar bin jiragen da suka shiga ƙasa bayan ƙasa. Kuma manyan masanan da suka ƙiyasta jimillar Yahudawan da aka kashe, tsakanin miliyan 5 da 6, ba su taɓa gina lissafinsu a kan miliyan 4 ɗin nan ba. Haka 36,000 na Roma, masana ne suka rage shi. Mai ƙirƙira ba ya rage nasa adadin da hannunsa, kuma ba ya buga takardun da za a kama shi da su.

Yadda nake yi da ɗalibaina

Duk ɗalibin da ya kawo mini adadi, ina sa shi ya ja layi huɗu a takarda ya cike: wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, yaushe, kuma a ina mai ƙirgawar ya tsaya. Na ƙarshen shi ne suka fi mantawa, shi ne kuma ya fi fallasa abin da ya zube. Na koyi haka ne tun ina aiki da littattafan haraji da jangali na zamanin Turawa a Arewa. Wanda ya taɓa duba su ya san adadin shanun da ke ciki na waɗanda mai karɓar jangali ya iske ne a ruga, garken da aka kora daji da asuba ba ya ciki. Haka za ka karanta 262,501 na ƙidayar 1930: Roma da yawa sun rubuta kansu 'yan Romaniya ko 'yan Hangari don gudun wulaƙanci, wasu ba a same su ba. Saboda haka idan wani ya ce maka an kori kashi 10 cikin 100 na Roma, ka sani cewa na saman lissafin ya fi na ƙasansa ƙarfi.

A rubutunka, kada ka zaɓi lamba ɗaya ka tsaya a kanta kamar an saukar da ita. Ka rubuta cewa an kori Yahudawa tsakanin 154,000 da 170,000 da Roma kimanin 25,000, ka faɗi shekarun, ka faɗi daga waɗanne yankuna, sannan ka kawo 118,847 a matsayin abin da masu korar suka rubuta da kansu. Adadin mamata ka ba shi nasa sakin layi dabam. Ka kuma kula da lamba mai ƙarewa da 847 ko 441: tsayuwarta cif na nuna an yi ƙirga, ba ta nuna an ƙirga kowa.

Akwai iyakar da waɗannan takardu ba za su iya wucewa ba, ko da an buɗe kowace ma'ajiya. Ƙauyen da aka kashe Yahudawansa duka a watan Yulin 1941 bai bar mai ba da labari ba, sai maƙwabta, su kuma wasu da hannunsu a ciki. Jaririn da aka haifa a Vertujeni ya mutu kafin ayari ya tashi ba ya cikin ƙidayar 1930, ba ya cikin rahoton bakin kogi, ba ya cikin ƙidayar 1943. Aikin da ke rage wannan giɓi yanzu na sunaye ne da na ramuka. Cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da Yahudawan da aka kashe, ta tattara sunaye kimanin miliyan 5 daga shaidar dangi da takardu, kuma yankunan da aka yi harbi a fili, irin su Yukiren da Besarabiya, su ne suka fi ƙarancin sunaye. A Romaniya kanta, cibiyar da ke ɗauke da sunan Elie Wiesel, wadda aka kafa a 2005, ta tono wani kabarin bai ɗaya a dajin Popricani kusa da Iasi a 2010, bayan tsofaffin ƙauyen sun nuna wurin.